Mai Kayan Ta Ƙare

*Shafi na 19*

Masu bina da saƙo wai na ajiye Veronica a tashar Makarfi da ƙulli a ka na tafi sabgar gabana, ku kwantar da hankalinku, ga ta na dawo muku da ita gida. Ke kuma da kika ce na tsani baiwar Allahn nan, ki yi haƙuri, yau ma ba za ki ji daɗina ba.

*

Yara na fita makaranta Veronica ta tura ƙyauren ɗaki ta danna sakata, sai ka ce mai shirin sata a gidan kanta. Ta kwance ƙullin da ta karɓo jiya daga wurin tela, ta baje a kan gado.

Shi ke nan fa. Zani uku, riga uku, ɗankwali biyu, sai rigar ankon Zumuntar Mata ta coci da aka rage har ta koma kamar ta 'yar firamare.

Ta tsaya tana kallonsu, kunya ta rufe ta, alhali ita kaɗai ce a ɗakin.

Wannan fa Veronica ce, matar Akawu Barnaba. Macen da a da sai an hau akwatinta an danne kafin ya rufu. Macen da in ta shiga motar Zariya sai an rage fasinja ɗaya a layinta, ana yi ana dariya, ita ma tana yi, don a lokacin ƙiba ita ce shaidar cewa mijinki na riƙe da ke. Duk Ikara in mace na son yi wa mijinta gori, matar Akawu take nuna masa.

Yanzu kuwa zani sai ta zagaya shi sau biyu da rabi kafin ya tsaya. Riga in ta sa, wuyan sai ya zamo ta kafaɗa ɗaya. Tun da wata ta kalle ta a bakin rijiya ta ce "Maman Judith, rigar aro kika sa?" ta daina zuwa coci, ta daina zuwa rijiyar ma.

Ba da ka ta zaɓi kayan nan ba. Zama ta yi ta zazzage akwatin, ta ware duk masu ihu, irin waɗanda in kin sa yau, jibi kowa zai ce ga ta ta maimaita. Ta ɗauki masu sanyin kala, ruwan ƙasa da ruwan toka da shuɗi mai duhu. Sharaɗinta ɗaya ne, kowace riga ta iya hawa kowane zani, kowane ɗankwali ya bi su duka. In tana jujjuya su, za ta yi Lahadi da yawa kafin idon gulma ya gano bakin zaren.

Har Makarfi ta kai ragin, don kada telan Ikara ya auna ta da safe, da yamma a ji awon a majalisa. Can ɗin ma ƙarya ta yi wa tsohon telan, Sama'ila.

"Kayan yayata ne ta ba ni, a rage min su daidai ni."

Ya ɗaga riga ɗaya ya ware ta da hannu biyu, ya leƙo ta sama yana kallonta.

"Kai! Lallai yayar nan taki, Allah ya yi halitta. Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"Ikon Allah! Ai ita ta cinye rabonki tun a ciki. Wannan hannun kaɗai zai yi wa jikata siket."

Ta taya shi dariya. Sai da ta fito daga rumfar ta samu bayan wata motar tumatir ta share hawayenta.

Sauran kayan, leshi da manyan atamfofi, Indo dillaliya ta ba, ta kuma ja mata kunne.

"Kada ki shiga da su Ikara. Kada ki kama sunana."

"Haba uwar ɗakina," in ji Indo. "Dillanci na gada. Ko wuƙa aka sa min a wuya ba na faɗin mai kaya."

To me ya cinye Veronica? Waɗanda suka biyo mu tun farko sun sani. Tun da soja suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu aka shiga rage ma'aikata, guguwar ta haɗa da Barnaba. Bai faɗa mata ba. A bakin matar masinjan ofishinsu ta ji, da ta zo yi mata jaje. Shi kuwa har yau, duk Litinin zai sa kaftaninsa mai guga, ya rataya jaka, ya ce an tura shi rangadin ƙauyuka. Ran Asabar ya dawo da ɗan hatsin da bai kai ya kawo ba. Inda yake zuwa ba ta sani ba, ba ta kuma tambaya ba, don ta san ranar da ta tambaya, ranar ta tsiraita shi.

Sai ta koma raba tuwo da dabara. Yara su ƙoshi. Asabar da Lahadi a cika wa maigida kwano, kada ya gane ta gane. Ita kuwa kullum tana azumi. Azumin neman lafiyar yara, azumin jarrabawar Judith, azumin zaman lafiyar ƙasa. Ƙasar nan dai ta sha azumi a wurin Veronica.

Ga shi ƙarshen wata mutanen Kudan za su zo gaisuwar farko ta neman auren Judith, babbar 'yarta da ke makarantar koyon jinya a Zariya. Mazan gidajen biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Abin da aka sani a Kudan kawai shi ne, ɗansu Abraham zai auro 'yar Akawu, gidan rufin asiri. Saboda ranar nan Veronica ta yi duk wannan wahala.

Ta ɗaura zani ruwan ƙasa, ta zura shuɗiyar riga, ta tsaya gaban madubi.

Kayan sun zauna mata ɗas. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Tsofaffin, ko ba komai, suna taya ta ƙarya, ana iya cewa ɗinki ne ya yi yawa. Waɗannan kuwa komai suka nuna. Ga ƙashin wuya, ga gwiwar hannu, ga ƙugu kamar na budurwar da ta tashi daga zazzaɓi.

Tana cikin ɗaura ɗankwali ta ji waƙa.

Muryoyin mata ne, ƙasa-ƙasa, a bakin ƙofar gida. Veronica ta yi shekaru tana jan waƙa a Zumunta, ba sai an gaya mata ba. Wannan ba a yin ta sai a gidan makoki.

Wa ya rasu? Barnaba? Judith?

"Gafaranku dai masu gida!"

Ta zare sakata, ta fito tsakar gida ko takalmi babu.

Mata ne sun kai shida, duk cikin ankon Zumunta, kowace da kwano a ka. A bayansu wani dattijo mai furfura. A gaba kuwa Paulina ce, mahaifiyar Abraham, idanunta sun yi jawur. Paulinar da suka sha kwana tabarma ɗaya a taron Zumunta na shekara.

Paulina ta sauke kwanonta, ta zo ta kama hannun Veronica da hannu biyu, ta kalle ta cikin ido.

"Sannu 'yar'uwa. Sannu da haƙuri. Ke ce ƙanwar marigayiyar?"

Kafin Veronica ta buɗe baki, Paulina ta ci gaba.

"Ya muka ji da wannan rashi? Maman Judith! Kai, Maman Judith! Ubangiji ya ta'azantar da ku."

"Amin," sauran matan suka amsa.

Jama'a, ni na san abin da ya kamata ta ce, ku ma kun sani. Kalma biyu ce, ni ce. Amma ku sa kanku a matsayinta. Aminiyarki ta riƙe hannunki, ta kalli ƙwayar idonki, ba ta gane ki ba. Da wane baki za ki fara?

Sai ta juya ta ɗauko tabarmi ta shimfiɗa musu a gindin mangwaro. Ta kawo ruwa a moɗa. Ta koma gefe ta rakuɓe, ta ja ɗankwali ta rufe goshi. Veronica ta zauna karɓar gaisuwar mutuwarta.

"Mace har mace," wata ta fara. "In ta shigo coci sai ka ji wuri ya cika."

"Ga wuya, ga damatsa. In ta ɗaura zani sai ki rantse don ita aka saƙa shi."

"Allah dai ya saka wa Akawu, ya riƙe ta da kyau. Ni ko mijina cewa nake, je ka Ikara ka ga yadda ake kiwon mace."

Wata mai kaifin ido ta ƙare wa Veronica kallo.

"Akwai ɗan kama ta wajen ido. Amma ina! Ke ba ki ɗauko jikinta ba ko kaɗan. Halan ke kika yi jinyarta? Ga shi duk kin zube, baiwar Allah."

Veronica ta gyaɗa kai. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Dattijon ya gyara murya.

"Ni ne Ilisha, ƙanin mahaifin Abraham. Ni aka wakilta a kan maganar yaran nan. Ba lokacin ƙorafi ba ne, amma gaskiya ba mu ji daɗi ba. A yi rashi irin wannan, ko ɗan aike babu? Don kunya ko a tasha ba mu faɗi abin da ya kawo mu ba, gidan Akawu kawai muka tambaya. Shi yana ina?"

"Yana… rangadi," ta faɗa da wata 'yar murya da ba tata ba.

"Rangadi?" Ya girgiza kai. "Matarka ta rasu kana rangadi. Lallai aikin gwamnati ba ya jin kuka."

Paulina ta kwance wani ƙulli a cinyarta. Koriyar atamfa ta bayyana, mai zanen makulli, wadda Veronica ta fi so duk cikin akwatinta.

"Kin ga yadda na ji. Shekaranjiya wata dillaliya ta shigo mana gida a Kudan. Tana baje kaya na hango wannan. Na ce ke, ina mai zanin nan? Ta ce ita ba ta faɗin mai kaya. Na ce ba sunanta na tambaye ki ba, tana ina? Sai ta yi tagumi ta ce, 'Ai mai kayan nan ta ƙare, baiwar Allah, sai dai addu'a.' Na ce ta Ikara? Ta ce, 'Ni dai ban faɗa ba.' Nan na zube ina kuka, ita ma ta taya ni."

Ta share ido da gefen zani.

"Na karɓe shi. Na ce kayan Maman Judith ba za su yi yawo gida-gida ba ina raye. A ajiye wa Judith."

Veronica ta lumshe ido. Indo ta cika alkawari kam, ba ta kama suna ba. Kashe ta kawai ta yi.

"To mu tashi mu yi addu'a," in ji Ilisha, yana cire hula. "Mu miƙa ran 'yar'uwarmu ga Ubangiji."

Matan suka miƙe, suka sunkuyar da kai.

Nan fa abin ya gagara. Ta yi wa tela ƙarya, ta yi wa maƙwabta, ta yi wa 'ya'yanta. Amma a tsaya gaban Allah a miƙa ranta tana zaune tana ji?

"Ya Ubanmu na sama…"

"Kada ku yi."

Ilisha ya buɗe ido.

"Baba Ilisha, kada ku yi. Maman Abraham… ni ce."

"Ke ce wa?"

Ta ture ɗankwalin baya.

"Ni ce Veronica."

Wata ta ƙwalla ƙara ta yi bakin ƙofa da gudu, ta bar takalmi ɗaya. Wata ta faɗa kan kwanuka tana kiran sunan Yesu. Mai kaifin idon nan ta maƙale a bayan Ilisha, shi kuma yana neman wanda zai maƙale wa.

Paulina kaɗai ba ta motsa ba.

"Ƙarya kike."

"Juya kalmasar zanin nan. A taron Makarfi ƙusar benci ta yage min shi, ke kika ɗinke. Ba mu samu koren zare ba kika sa baƙi. Kika soke yatsa, kika ce in ba ki gurasa ladan ɗinki."

Paulina ba ta ko duba zanin ba. Muryar ta ishe ta. Ta matso a hankali, ta taɓa kumatun Veronica, ta shafa kafaɗarta, hannunta ya sauka a kan ƙashi. Ta janye shi da sauri, sai kuma ta fashe da wani kukan da ya fi na ɗazu.

"Maman Judith! Cewa ta yi kin ƙare!"

"Ai ba ta yi ƙarya ba. Dube ni."



Ɗaya bayan ɗaya matan suka dawo kan tabarma, kowace na kallon ƙasa. Su kunya, ita kunya. Waɗanda suka gama yabon damatsanta yanzu ba mai iya ɗaga ido ta kalli abin da ya rage.

"To… Allah mun gode da rai," in ji Ilisha, yana mayar da hula. "Rai shi ne babba."

"Abincin nan fa?" wata ta tambaya, don dai a samu abin cewa. "Ai ba ma koma da shi ba."

Ta buɗe babban kwano. Shinkafa ce da miyar kaza, mai na yawo a sama, har yanzu da ɗuminta. Ƙamshin ya bugi Veronica. Rabon da tukunyar gidan nan ta ga nama har ta manta. Abincin makokinta ne, kuma duk jikinta shi yake kira.

Cikinta ya yi wani ƙugi mai tsawo.

Da sauri ta ƙaƙaro tari don ta rufe ƙarar. Ta yi ɗaya, ta ƙara, sai na gaske ya sarƙe ta, ta dinga yi har da hawaye.

Da ta ɗago, matan na kallon juna.

Ilisha ya murza gemu, ya dubi Veronica.

"Maman Judith, ki gafarce ni. Ba don wannan muka zo ba, amma tunda Allah ya kawo mu, idona ya gani, in na koma za a tambaye ni. Aure ba wasa ba ne, jini ake haɗawa."

"Baba, a bar maganar nan yau," in ji Paulina.

"Ba za a bar ta ba. Jiki irin wanda aka ba ni labari ba ya zubewa haka kawai. Abu biyu na sani suna yi wa mutum haka, ko cuta ko yunwa. Yunwa kuwa ba ta shiga gidan akawun gwamnati. To wace cuta ce? Tarin fuka ne? Ko kuwa wannan ta zamani da ake ta faɗa a rediyo?"

"Baba!"

"Tambaya na yi."

Paulina ta matso ta rage murya, amma kowa na ji.

"'Yar'uwa, dube ni. Ko dai akwai wani abu a gidan ne? Zamanin nan ba wanda bai taɓa ba. Mu ma taki ya gagare mu bana. In wani abu ne ya samu aikin Baban Judith, ki faɗa min, ba abin kunya ba ne."

Ga ƙofa an buɗe mata. Kalma ɗaya za ta faɗa a wuce wurin.

Amma ta san abin da zai biyo baya. Mata shida ne a kan tabarmar nan. Kafin Lahadi Kudan ta ji, Makarfi ta ji, ya dawo Ikara da ƙari. Akawu Barnaba an kore shi, yana sa kaftani yana yawon ƙarya, ya bar matarsa ta bushe. Mutumin da ya gwammace ya kwana a inda ba ta sani ba da ya kalli idonta ya ce ya gaza. Ba ta taɓa bari ya san ta sani ba. Yau kuma baƙi za ta fara gaya wa?

"Aikinsa lafiya lau," ta ce. "Ba abin da muka rasa a gidan nan."

"To mene ne?"



"Cuta ce."

"Wace iri?" in ji Ilisha.

"Likita… bai gama ganewa ba."

Da ta san abin da wannan amsar za ta jawo, da ta zaɓi ciwon sukari ta huta. Cutar da likita bai gane ba ai ita ce wadda kowa ya gane.

Mai kaifin ido ta ja jikinta baya. Wadda ke riƙe da moɗar ruwa ta ajiye ta a hankali, ta goge bakinta da gefen zani. Wata ta mayar da murfin kwanon shinkafa, kamar tarin zai faɗa ciki. Paulina ba ta matsa ba, amma ta saki hannun da take riƙe da shi.

"To," in ji Ilisha. "Allah ya ba da lafiya. Allah ya sa kaffara ce. Amma maganar ƙarshen wata, ina ganin a dakata tukuna. Sai mun zauna da 'yan'uwa. Ita yarinyar ma sai an san halin da take ciki."

"Judith lafiyarta ƙalau! Baba, Judith ba ta da komai!"

"Ba mu ce tana da shi ba. Mun ce a dakata."

Veronica ta kalli shuɗiyar rigar da ke jikinta. Don ranar nan ta yi wa almakashi sadaka da kayanta, ga shi da bakinta ta rushe ranar. Ta kwance wa 'ya zani ta rufa wa uba. Ba ta taɓa jin ta tsani kanta kamar yau ba.

Ilisha ya dafa gwiwa zai tashi.

Sai ga ƙarar babbar mota a bakin hanya, ta ci burki. Aka ji wani ya diro. Aka ji gudu. Ƙyauren gidan ya bugu da bango.

Wani mutum ya faɗo tsakar gida.

Wando yagagge iya gwiwa, tsohuwar singileti da ta koma ruwan ƙasa, laka har ƙwauri. Ya ɗaure kai da tsumma, hannuwansa duk yankan ganyen rake, ga adda a hannu ya manta bai ajiye ba. Kuka yake wiwi, irin kukan da namiji ba ya yi a gaban mutane.

"Ina take? Ina kuka kai ta? A gona na ji… aka ce uwar yarinyar Ikara… Ina kuka sa ta ban gan ta ba?"

Matan suka sake watsewa, wannan karon saboda addar.

Veronica ba ta watse ba. Ko cikin mutum dubu ta san wannan muryar.

Barnaba ne.

Ba kaftani, ba jaka, ba takalmi. Haƙarƙarinsa a waje ana iya gani ta yagar singileti. Ashe shi ma ya ƙare, kaftani ne ke rufa masa asiri. Ashe wannan ne rangadin.

Idonsa ya sauka a kanta. Kukan ya tsaya cak. Addar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ya kalle ta, tsaye da ranta, ya kai hannu kamar zai taɓa ta.

"Inuwa!"

Ilisha ne ya daka tsawar. Ashe sunan da Barnaba ya ara a gona ke nan.

Barnaba ya waiwaya. Sai a lokacin ya ga tabarmi, ya ga anko, ya ga dattijon. Sai a lokacin ya tuna abin da ke jikinsa.

"Kai Inuwa, me ya kawo ka nan? Wa ka bar wa aikin?" Ilisha ya juya wajen Paulina. "Wannan ai cikin masu yanke mana rake yake a fadama. 'Yan ƙwadagon nan da ke kwana a bukka. Kai, ba da kai nake ba? Me ya haɗa ka da gidan Akawu da za ka faɗo wa mutane da adda?"

Barnaba ya sunkuyar da kai. Ya haɗa hannuwa a gaba, yadda ɗan ƙwadago ke tsayawa gaban mai gona.

"Ranka ya daɗe… kuskure ne. Gida na ɓata."

"Ka ɓata gida kana kuka?"

Paulina ta kalli mutumin, ta kalli Veronica.

"Maman Judith, kin san shi ne?"

Barnaba ya ɗago ido kaɗan. Ya girgiza mata kai, a hankali, yadda ita kaɗai za ta gani. Roƙonta yake. Ki ce ba ki san ni ba.

Veronica ta daɗe tana kallonsa.

Ta sunkuya ta ɗauki moɗar da aka ƙi sha. Ta taka ta wuce Paulina, ta wuce Ilisha, ta zo gabansa. Ta durƙusa har ƙasa, sabon zaninta a cikin lakar ƙafarsa, ta miƙa masa ruwan da hannu biyu.

"Sannu da dawowa, Baban Judith."